Zauren Tanti Ruksana

Duk wanda ya bi hanyar Dirku cikin ƴan shekarun nan ya ga wani abu a wuyan shoferorin kamiyo: ƙaramin cokali, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, rataye da zare tare da mabuɗin mota. Baƙi na zaton laya ce. Ba laya ba ce. Cokalin Tanti Ruksana ne, kuma na san yadda aka yi ya hau wuyansu, don katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, katangar ma gajera.

Tanti Ruksana Ba'indiya ce. Ba irin wadda ake ce wa yarinya in gashinta ya yi tsawo ba, Ba'indiya ta gaske, daga wani gari da ake kira Haidarabad. Tonton Chaibou ne ya kawo ta. An tura shi can karatun auna jini, shekara uku, ya dawo da diplom ɗaya da mata ɗaya. Tsofaffin gidansu suka ce su diplom kawai suka aike shi ɗaukowa. Da suka ga tana salla, ta kuma fi shi iya karatun Alƙur'ani, sai suka bar maganar. Yau shekararta goma sha huɗu a Agadas. Ƴaƴanta biyu mata, babbar Zahra'u. Hausa ta zauna a bakinta, har faɗa ta iya da ita, in ka taɓa mata igiyar shanya za ka ji.

Shekara goma tana cikin gida, dafa wannan, wanke wancan. Abin da ya tada ta shi ne lemu. Kowa ya san lokacin sanyi yadda lemun tsamin Timiya ke cika kasuwa, a zube shi ƙasa tsibi-tsibi, rabi a saya, rabi ya ruɓe awaki su samu. Mu mun saba gani. Ita kuwa duk shekara in ta dawo kasuwa sai ta yini tana tsaki, kamar a gonar babanta aka tsinko shi.

A garinsu, in ji ta, ba a barin lemu ya mutu haka. Ana yanka shi, a cuɗa da gishiri da tonka, wato barkono, da hulba da tafarnuwa, a zuba mai, a rufe cikin kwalba, a ajiye a rana kwana arba'in. Sunansa acar. In ya nuna, shekara guda yake yi bai lalace ba, babu firigo babu komai. Kakarta na yi, uwarta na yi, amma duk zuri'arsu ba wadda ta taɓa sayarwa. Can mace na yin acar ne don miji da suruka su yaba.

Ranar da ta gaya wa uwarta a salula za ta fara sayarwa, har ɗakinmu muna jin tsohuwar. Ban ji yarensu ba, amma kuka ba ya son tafinta. Daga baya Zahra'u ta fassara mana: wai an ba da ɗiya ga likita, ga shi za ta koma mai talla a bakin ƙofa, da wane ido za a dubi dangi? Tanti ta bari tsohuwa ta gama, ta gaishe ta, ta kashe salula. Washegari ta cire awarwaron zinariya biyu cikin waɗanda aka yi mata na aure, ta kai wa maƙeri. Su ne jarinta.

Sai maganar takardu. Sau uku tana zuwa ofishin da ake ba da izinin buɗe butiki, sau uku mai tebur na duba bayanta yana cewa, "Madam, ina mushen?" Ta ce maigida na wurin aiki, ita ce mai sana'ar. Ya ce to ta zo da shi. Zuwa na huɗu ta jawo Tonton Chaibou da farar rigarsa ta labo. Ya zauna, aka ba shi kujera mai taushi, aka yi ta yi masa tambaya, shi kuma yana juyowa yana tambayarta.

"Mi za ku sayar, mushe?"

"Maman Zahra'u, mi ma za mu sayar?"

Haka har aka buga kashe, wato hatimi, a takarda. Da suka fito ta ce masa, "Sannu da aiki, mai butiki." Ya ce, "C'est normal."

Babbar matsalar ita ce wuri. Gidan na gado ne, kuma akwai zaure ɗaya mai ƙofa a bakin hanya wanda ba kowa cikinsa sai ƙadangaru. Mabuɗinsa na hannun Alhaji Amadou, yayan Chaibou, babban gida, mai kamiyo uku da ke zuwa Dirku da Segedin. Shi ma ya daɗe da sa ido a zauren, yana son ya mai da shi ma'ajin tayoyi da bidojin gazwal, jarkokin man kamiyo.

Tanti ta je ta durƙusa nesa da tabarmarsa, kanta a ƙasa, don matar ƙane ba ta kallon yayan miji ido cikin ido. Chaibou ya zauna tsakani yana isar da magana, ko da yake kowa na jin kowa.

"Ka ce mata," in ji Alhaji, "abinci ya gaza a gidan nan ne?"

"Ka ce wa Yaya, abinci bai gaza ba. Lemu ne ke ruɓewa."

"Ka ce mata lemun ba na ubanmu ba ne."

"Ka ce wa Yaya, shi ya sa yake da araha."

Alhaji ya gyara rawani, ya daɗe yana kallon ƙanensa kamar shi ya faɗa. Can ya ciro mabuɗi ya ajiye a bakin tabarma.

"Daga yau zuwa Biyanu. Ranar da aka shigo gari da ganye, zan zo. In na ga mutane na shiga suna fita a zauren nan, nata ne. In ban gani ba, ta ba ni mabuɗina, ta koma ciki, kuma kada in sake jin maganar sana'a a gidan nan."

Biyanu shi ne babban bikin garinmu na farkon shekarar Musulunci, saura wata bakwai ke nan. Tanti ta ɗauki mabuɗi da hannu biyu.

Tukunyar farko Tonton Chaibou ya kashe ta, da kyakkyawar niyya. Ta aike shi sayen gishirin Bilma, shi kuma mutumin ofis, bai san bambancin beza da kantu ba. Beza shi ne fari, na miya. Kantu kuwa wannan dogon mai kama da turmi, na raƙuma da shanu, cike da ƙasa da kanwa. Ya ga kantu ya fi girma, ya ɗauko shi a bayan moto yana murmushi. Ita ma ba ta sani ba, ta daka ta zuba. Bayan kwana goma lemu ya yi baƙi, yana kumfa, yana wari kamar garke. Ta kwashe ta zubar, ta wanke kwalabe, ta tafi kasuwa da kanta. Tun daga ranar ba ta sake aiken namiji sayen gishiri ba.

Tukunya ta biyu ta yi kyau. Kwalabe sun yi layi a kan soro, ja kamar garwashi, kwana arba'in cif. Sai aka yi sa'a, ko rashin sa'a, matar Alhaji ta haihu. Tanti ta ce ga ranar talla ta zo, duk unguwa za ta taru wurin suna, kowa ya ɗanɗana. Ta ɗauko babban kwano mai marfi, irin na kai wa suruki abinci, ta cika shi da acar har baki, ta sa ludayi a ciki, ta aika wurin mata masu rabo.

To, a garinmu abin da ya zo cikin babban kwano da ludayi sunansa miya. Ba a tambaya. Matan suka buɗe, suka ga ja, suka ga mai na yawo a sama, suka ce kai, Ba'indiya ta yi ƙoƙari. Suka kwarara shi a kan farantan shinkafa, ludayi uku-uku, aka kai wa maza.

Ina wurin, a farantin samari. Loma ta farko na ji kamar an ɗaura mini wayar kuran, ta lantarki, a harshe. Na ɗaga kai don in ga ko ni kaɗai ne. Farantin manya na gabanmu, dattawa takwas, kowa da rawaninsa, Alhaji a tsakiya. Ba wanda ya ce uffan. Namijin Agadas ba ya cewa abinci ya fi ƙarfinsa a gaban wani namiji, balle a gidan suna, balle maigida na ci. Shi kuma maigida ba zai tsame hannu ba baƙinsa na ci. Haka suka yi ta kai loma ƙarƙashin amawali, kowa na jiran wani ya fara ajiyewa. Hawaye na gangarowa, rawani na jiƙewa. Wani tsoho ya ce, "Yau akwai zafi." Lokacin sanyi ne, yana sanye da rigar sanyi biyu. Suka cinye farantin tas.

Kwana biyu ba a ga Alhaji a masallaci ba.

Ni kuma bakina ba ya da burki. Da la'asar a fada, muna shan shayi, na ce wa abokai Ba'indiya ta ba dattawa ruwan batir. Kafin sati sunan ya zagaye gari. Yara na wucewa ta bakin zauren suna cewa, "Tanti, a ba mu batir na dala biyar, moton babanmu ta ƙi tashi!" Na yi dariya lokacin. Da na ga wata uku sun wuce ba wanda ya taka zauren, dariyar ta ragu.

Ita kuwa kullum da safe sai ta buɗe, ta share, ta goge kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ta zauna. Azumi ya zo ya wuce. Zafi ya sauka, irin wanda ko kare ba ya ƙetare hanya da rana. Alhaji ya fara tara tayoyinsa a jikin bangon zauren daga waje, bai ce komai ba, tayoyin na magana. Chaibou ya ce mata ko ta haƙura, ba abin kunya ba ne. Ta ce, "Acar ɗina ba shi da laifi. Akwai abin da ban gane ba, kuma zan gane shi."

Wadda ta ganar da ita Inna Ramata ce, mai tuwo a tashar motocin Dirku, mace mai murya kamar oda. Wata rana da azahar zafi ya koro ta, ta faɗa zauren don ta sha inuwa. Ta tarar da Tanti na cin farar shinkafa, da ɗan ja-ja a gefen kwano wanda bai fi ƙwayar dabino ba. Tana ɗan taɓawa tana haɗawa da loma.

"Ke Ba'indiya, wannan ɗan mitsitsin fa?"

"Shi ne acar, Inna."

"Batir ɗin? Haka ake cin shi?"

"To da yaya ake ci?"

Inna Ramata ta wanke hannu, ta zauna, ta ɗan taɓa, ta kai loma. Ta tauna a hankali. Ta sake kai wata. Sai da ta ga ƙasan kwanon sannan ta buga cinya.

"Ɗiyata, ke kika kashe kanki! Yaji ne kika zuba a kwanon miya, har da ludayi. Mu nan mazubi muke dubawa. Da kin sa shi a ɗan gwangwani, ko mahaukaci ba zai kwarara ba."

"A garinmu kowa ya san kaɗan ake ci."

"Nan garinku ne? Kuma bari in gaya miki, ki bar jiran matan unguwa. Kowace da yajin uwarta, ba za ta bar shi don naki ba. Kwana nawa abin nan ke yi bai lalace ba?"

"Shekara."

"Cikin wannan zafin?"

"Zafi ma yake so."

Inna Ramata ta miƙe tsaye, ta manta da ciwon gwiwa. Ta ce ɗanta Karim ya shekara tara yana tuƙa kamiyon Alhaji, kuma duk tafiya yana dawowa kamar sanda. Tumatir ba ya kwana biyu a hamadar Tenere, albasa na bushewa, miya na tsami kafin a kai rijiya ta farko. Daga nan sai garin rogo da makaroni da sardin, safe da yamma, har mutum ya tsani bakinsa. "Masu mata a gida ba su ne mutanenki ba," in ji ta. "Mutanenki na cikin rairayi."

Saura wata ɗaya da kwanaki Biyanu. Tanti ba ta ɓata ko yini ba. Ta koma wurin maƙerin da ya sayi awarwaronta ta ce ya ƙera mata ƙananan cokula na sanholama, farin ƙarfen nan marar nauyi, masu huda a gindi. Ya ce na ƴar tsana ne? Ta ce na shoferori ne. Ta bi gidaje tana karɓar tsofaffin kwalaben mayonez. Da Inna Ramata ta ce kwalba ba ta kai Dirku da rai a bayan kamiyo, sai ta dubi yadda matafiya ke ɗinke bidon ruwa cikin buhu, ta ɗinke kowace kwalba haka, ta ɗaura mata cokali a wuya.

Ranar da ayarin motoci zai tashi ta sa hijabinta ta bi Inna Ramata tasha. Mace daga gidan Alhaji Amadou, a tsakiyar karnukan mota! Labari ya kai masa kafin ta sauke kaya. Ya aiko a ce ta koma gida. Ta ce a gaya wa Yaya tana gaishe shi, Biyanu bai zo ba tukuna.

Shoferori suka taru suna dariya. "A'a, mai batir ce!" Ba wanda ya saya. Karim kaɗai ya ɗauki kwalba ɗaya, shi ma don uwarsa na tsaye da muciya a hannu.

"Cokali ɗaya a kwano ɗaya," in ji Tanti. "In ka ƙara, kai da Allah."

"Tanti, in ya kashe ni fa?"

"Sai in san bai nuna ba."

Sati uku ba labarin Karim. Ashe motarsa ta lalace gaba da Dirku, kan hanyar Segedin, wani ƙarfe ya karye wanda sai an aiko da shi daga Agadas. Kwana shida suna ƙarƙashin kamiyo, shi da fasinja goma sha ɗaya. Ruwa akwai, gari akwai, amma a kwana na uku ba mai iya haɗiye shi. Sai Karim ya tuna da kwalbar da ya jefa bayan kujera. Ya auna cokali ɗaya, ya cuɗa da gari da ɗan mai. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, ya ce wani mai haƙar zinariya da ya kwana biyu bai ci ba sai da ya lashe kwano, ya kuma ce a ba shi sauran kwalbar ya ba da agogonsa. Karim ya ƙi. Ya rataya cokalin a wuya don kada a sace, shi ke rabo safe da yamma kamar likita. Motocin da suka tsaya taimako duk an ɗanɗana musu. Kafin ya iso gida labari ya riga shi.

Ranar Biyanu da hantsi gari ya ɗauki kiɗa, ƴan gabas da ƴan yamma sun shigo da ganye, kowa ya sha shuni. Alhaji bai tsaya kallo ba. Ya zo da sabon kwado a hannu, da amalanke biyu na bidoji a bayansa. Ni ina kan katanga, inda na saba.

Bai samu wurin shiga ba. Zauren cike yake da shoferori da karnukan mota, wasu har waje, kowa da tsohuwar kwalba a hannu, don ayari zai tashi jibi. Inna Ramata na tsaye a ƙofa tana tsawa a bi layi. Tanti na ciki tana aunawa, hannun riga a naɗe. Cikin layin har da shoferorinsa uku.

"Kai Karim, mi kake yi nan? An gama lodi?"

"Alhaji, lodi ya ƙare. Batir ya rage."

"Na motar?"

"Na mutanen cikinta. Wallahi Alhaji, ko ka kore ni, ba na sake shiga Tenere babu shi."

Tanti ta hango shi. Ta ajiye ludayi, ta fito, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ciro mabuɗin daga bakin zanenta ta ɗora a tafin hannu. Chaibou ba ya nan balle ya isar da magana, don haka ta yi da kanta, kanta a ƙasa.

"Yaya, Biyanu ya zo."

Alhaji ya dubi mabuɗin, ya dubi masu shiga da fita, har wani ya taka masa ƙafa bai ce gafara ba. Ya juya sabon kwadon a hannunsa sau biyu. Sai ya miƙa mata shi.

"Wancan tsohon kwadon ko yaro ya buga zai buɗe. Ki sa wannan." Ya waiwaya ga masu amalanke. "Ku mai da kayan nan garaji. Ku haɗa da tayoyin."

Ya yi taku uku ya tsaya, bai juyo ba.

"Maman Zahra'u, Hajiya ta ce a kai mata kwalba ɗaya. Ita ce ta ce."

"To, Yaya. Da cokali nawa?"

Ya ɗan yi tari cikin rawani. "Sa biyu."

Yanzu mata huɗu ke yanka mata lemu lokacin sanyi, kwalabe sun cika soronsu sun tsallako namu. Gishiri har yau ita ke zaɓa da hannunta. Tsohuwarta ta Haidarabad ta daina kuka, sai dai faɗa a salula wai hulba ta yi yawa, alhali a hoto kawai take gani. A saman ƙofar zauren an rubuta BATIR da jan fenti, manya-manya. Na je na ce mata ai ni na raɗa sunan, ya kamata a duba ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta buɗe akwati, ta ba ni cokali ɗaya, babu kwalba.